Alpha Jet, L-39, K-8 ko M-346: Wane Jirgin Horo Ya Kamata Rundunar Sama Ta Riƙe?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin ba da shawara kan jirgin da za a horar da matuƙan yaƙi da shi, hafsa ne a sashen tsare-tsare, ko ɗan majalisa a kwamitin tsaro, ko ɗan jarida mai bibiyar kasafin soja, zai tarar cewa zaɓin yana da wuya fiye da yadda takardun tallar kamfanoni suke nunawa. Ɗalibi ba ya sauka daga ƙaramin jirgi mai farfela ya haye jirgin da ya fi sauti gudu kai tsaye. Sai ya bi ta wani tsani na tsakiya, wato jirgin jet na horo, inda yake sabawa da gudu, da nauyin da ke danne jiki idan an yi kwana mai tsanani, da tashi cikin jeri, da harba makami. A Nijeriya ɗalibi yakan fara a makarantar Kaduna da ƙananan jirage irin su Super Mushshak, ya wuce Kano ya hau L-39ZA, sannan ya je Kainji ya kama Alpha Jet. Waɗannan jiragen jet biyu an sayo su ne a shekarun 1980, guda 24 kowanne, saboda haka maganar abin da zai gaje su ta riga ta iso bakin ƙofa. Kamaru da Togo ma sun sayi Alpha Jet, Gana da Sudan kuma K-8 suke da shi, shi ya sa na zaɓi waɗannan uku, na haɗa su da M-346 na Italiya wanda Nijeriya ta yi odarsa.

Ma'aunan da za a fara da su

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne jirgin yaƙin da ɗalibi zai hau bayan ya gama. Idan rundunar tana da jirage masu allunan kwamfuta da na'urar rada irin JF-17 na Pakistan da Sin, horar da matuƙi a kan jirgi mai agogunan allura yana barin giɓi, kuma wannan giɓin sai an cike shi da awoyin tashi a kan jirgin yaƙin kansa, waɗanda su ne awoyi mafi tsada da runduna take da su. Na biyu shi ne kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne: na saye, wanda ake biya sau ɗaya ana bugawa a jarida, da na riƙo, wato mai da kayan gyara da garambawul na inji, wanda ake biya kowace shekara har tsawon shekara talatin. Na uku ƙarko, wanda bai tsaya kan ƙarfin gangar jirgi ba, ya haɗa da ko masana'antar da ta ƙera shi da wadda ta ƙera injinsa suna nan suna aiki. Na huɗu sauƙi ga ɗalibi da ga makanike. Na biyar haɗari: inji ɗaya ne ko biyu, wace ƙasa ce za ta iya toshe kayan gyara da takunkumi, kuma me zai faru idan aka tura jirgin horo fagen daga, abin da ya zama ruwan dare a yankinmu.

Alpha Jet

Tarihin wannan jirgi ya fara ne da ƙasashe biyu masu buƙatu daban. A ƙarshen shekarun 1960 Faransa tana neman abin da zai maye gurbin Fouga Magister da T-33 a makarantunta, Jamus ta Yamma kuma daga baya ta karkata ga neman ƙaramin jirgin kai hari da zai gaji Fiat G.91. A 1970 aka zaɓi zanen da kamfanonin Dassault da Breguet da Dornier suka gabatar tare, kuma jirgin gwaji na farko ya tashi a Istres ta Faransa ranar 26 ga Oktoba, 1973. Jamusawa ne suka dage sai an sa masa inji biyu, kuma suna da dalili mai ɗaci, domin daga cikin jiragen F-104 Starfighter 916 masu inji ɗaya da suka mallaka, 292 sun salwanta a haɗurra. Daga wannan dagewar aka samu injin Larzac guda biyu a gefen gangar jirgin, da fiffike a saman kafaɗa wanda ya bar sarari a ƙasa don rataya makamai. Faransa ta karɓi 176 samfurin E mai dunƙulallen hanci don horo, Jamus ta karɓi 175 samfurin A mai tsinin hanci don kai hari, sannan Beljiyam, Masar, Maroko, Nijeriya, Kamaru, Togo, Kwaddibuwa da Katar suka biyo baya, har jimlar ta kai kusan 500 kafin a rufe layin ƙira a farkon shekarun 1990.

A wajen aiki, da wuya a samu jirgin horo da ya ɗauki nauyin da wannan ya ɗauka a Afirka ta Yamma. Yana gudun kusan kilomita 1,000 a awa, yana ɗaukar kaya har kilo 2,500, kuma ana iya maƙala masa bindiga mai milimita 30 ko 27 a ƙarƙashin ciki. Nijeriya ta yi amfani da shi a ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya tun daga 1990, sannan a Saliyo. A 2013 an girke wasu a Yamai don tallafa wa aikin Mali, inda ɗaya ya faɗi kusa da garin Dargol na Nijar a watan Mayu, matuƙansa biyu suka rasu. Daga nan ya zama ginshiƙin hare-haren sama a kan Boko Haram, kuma a watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo ɗaya a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya fice da kujerar tsira ya kuɓuta. Ina kawo wannan tarihi ne saboda yana nuna fuska biyu: jirgin ya nuna juriya, amma kowace awa da ya yi yana jefa bam an cire ta ne daga awoyin da gangarsa za ta ba ɗalibai, kuma kowane jirgin da aka rasa babu masana'antar da za ta mayar da shi.

Nan ne rauninsa yake. Sabo ba ya samuwa ko nawa za a biya. Na hannu yana da araha, kamar yadda Fotugal ta karɓi 50 daga Jamus a 1993, Tailan ta sayi wasu a 1999, Nijeriya ma ta ƙaro huɗu daga wani kamfanin Amurka wajen 2015, amma injin Larzac babu wani jirgin da aka ƙera da yawa da ke amfani da shi, don haka kasuwar kayan gyaransa tana ƙanƙancewa duk lokacin da wata ƙasa ta ajiye nata. Fotugal ta ajiye a 2018, Beljiyam ta bi sahu, ita kanta Faransa ta mayar da horon matuƙanta kan PC-21 mai farfela, ko da yake tawagar wasan samanta, Patrouille de France, wadda ta kama Alpha Jet tun 1981, ta ci gaba da shi. Ga makanike jirgi ne mai sauƙin kai, ana iya sake shirya shi don tashi cikin ɗan lokaci ba tare da tarin kayan ƙasa ba. Ga ɗalibin da zai hau jirgin zamani kuwa, ɗakin tuƙinsa na wani zamani ne daban, sai fa idan an kashe kuɗi an sabunta shi.

L-39 Albatros

Kamfanin Aero Vodochody na Chekoslobakiya ya riga ya yi suna da L-29 Delfin, wanda ya doke na Sobiyet da na Folan a gasar 1961 ya zama jirgin horo na yawancin ƙasashen ƙawancen Warsaw, kuma Nijeriya ta yi amfani da shi tun lokacin yaƙin basasa. L-39, wanda ayarin injiniya Jan Vlček ya zana, ya tashi karon farko ranar 4 ga Nuwamba, 1968, kuma an ƙera fiye da 2,800, Tarayyar Sobiyet kaɗai ta ɗauki sama da 2,000. An gina shi ne da tunanin filin jirgi mara kwalta: ƙafafunsa masu ƙarfi ne, bakunan shan iskarsa suna sama da fiffike don kada inji ya zuƙi tsakuwa, kuma yana da ƙaramin injin tayarwa a jikinsa wanda ke sa ya iya kunna kansa ba tare da keken wuta ba. Ga ƙasa mai ƙura da filayen jirgi na nesa da babban sansani, waɗannan abubuwa ne masu daraja.

Gudunsa kusan kilomita 750 ne a awa, ƙasa da na Alpha Jet sosai, kuma wannan alheri ne ga ɗalibin da ke hawa jet karon farko, domin jirgin yana yafe kuskure. Samfurin ZA yana da bindiga mai milimita 23 da wuraren rataya huɗu, amma kayan da yake ɗauka kusan rabin na Alpha Jet ne kawai. A araha babu mai kama ƙafarsa, tun da a Amurka fararen hula ma suna sayen na hannu da 'yan ɗaruruwan dubban daloli, kuma yawansa a duniya ya sa masu iya gyaransa suna da yawa. Matsalarsa biyu ce. Injinsa ɗaya ne, idan ya mutu babu na biyu. Sannan injin, AI-25TL, ana yin sa ne a Zaporizhzhia ta Yukiren, garin da ke dab da fagen daga tun 2022.

Kamfanin ya amsa wannan da sabon samfuri, L-39NG, wanda yanzu ake kira Skyfox. Ya fara tashi a Disambar 2018 da injin Williams FJ44 na Amurka, dangin wanda ke cikin ƙananan jiragen 'yan kasuwa, da allunan kwamfuta a ɗakin tuƙi, da ganga wadda kamfanin ya ce za ta kai awa 15,000. Biyetnam ta yi odar 12, Hangari ma 12. Sunan ɗaya ne da tsohon, amma a lissafin kuɗi sai a ɗauke shi a matsayin sabon jirgi, kuma tarihin aikinsa bai yi tsawo ba tukuna.

K-8 Karakorum

Wannan haɗin gwiwa ne tsakanin masana'antar Nanchang ta Sin, wadda yanzu ake kira Hongdu, da cibiyar ƙera jirage ta Pakistan da ke Kamra, kuma ya fara tashi ranar 21 ga Nuwamba, 1990. An ƙera fiye da 500. Masar ce babbar mai sayensa a waje, da guda 120, waɗanda aka harhaɗa yawancinsu a Helwan. Kwangilar farko ta 1999 ta jirage 80 ce a kan kimanin dala miliyan 345, kuma ko da farashin ya tashi tun daga lokacin, wannan yana nuna ajin da jirgin yake ciki. Yana gudun kusan kilomita 800 a awa, yana ɗaukar kaya wajen kilo 1,000, kuma an tsara gangarsa don awa 8,000. A taƙaice tsaran L-39 ne, sai dai ya fi shi sabuntar na'urori, kuma har yanzu ana iya samun sabo.

Abin da ya fi jan hankali a tarihinsa shi ne maganar takunkumi. An zana shi da injin Garrett TFE731 na Amurka, wanda ke cikin jiragen Learjet da Falcon da yawa, don haka gyaransa ba ya wahala, amma bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sin a 1989 sai Sin ta koma sa injin Yukiren da kwafinsa na gida a cikin nata jiragen. Mai saye dole ya tambaya tun farko wane inji za a sa masa, domin amsar ce za ta nuna wa zai riƙe masa wuya nan gaba. Zimbabuwe misali ce ta ɗaya ɓangaren: jiragenta na Hawk sun tsaya cak bayan Birtaniya ta hana ta kayan gyara a farkon shekarun 2000, sai ta koma ta sayi K-8. Inji ɗaya gare shi, kuma ba shi da kariyar da za ta sa a tura shi inda abokan gaba ke da manyan bindigogin harbo jirgi.

M-346 Master

Shi ne auta a cikinsu, kuma asalinsa daga Rasha yake. A farkon shekarun 1990 kamfanin Aermacchi na Italiya ya haɗa kai da Yakovlev, suka tashi jirgin gwaji a 1996, sannan suka raba gari a 2000: Rashawa suka ci gaba da Yak-130, Italiyawa suka sake gina nasu da kayan Yamma da injin Honeywell F124 guda biyu, ya tashi ranar 15 ga Yuli, 2004. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, domin an rasa jiragen gwaji biyu, ɗaya a gaɓar Dubai a 2011, ɗaya a Italiya a 2013. Singafo ta sayi 12 a 2010, Isra'ila 30 a 2012 a kan kusan dala biliyan 1, Folan ta fara da 8 a 2014 a kan kimanin yuro miliyan 280 haɗe da kayan horo, daga baya ta kai 16. Italiya kuma ta gina makarantar ƙasa da ƙasa a Decimomannu ta tsibirin Sardiniya a kansa.

Abin da ya raba shi da sauran ukun yana cikin kwamfutarsa. Sandar tuƙinsa ba ta jan fukafukai da ƙarfe ko waya. Saƙo take aikawa kwamfuta ta aiwatar, kamar yadda yake a jiragen yaƙin zamani, kuma malami yana iya taƙaita iyakar juyin da jirgin zai yarda ya yi gwargwadon matakin ɗalibi. Haka nan yana iya ƙirƙiro wa ɗalibi abokan gaba da rada da makamai masu linzami a kan allonsa alhali yana sama, a haɗa shi da wani ɗalibin da ke zaune cikin na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa, su yi atisaye ɗaya. Ta haka ake ɗauke darussa da yawa daga kan jirgin yaƙi mai tsada a dawo da su kan jirgin horo. Samfurin FA, wanda Nijeriya ta yi odar 24, yana da rada ta Grifo da wuraren rataya bakwai, kuma an ruwaito cinikin a kan kimanin yuro biliyan 1.2, a Oktoban 2024 majalisar zartarwa ta amince da rancen kusan dala miliyan 618 don jirage shida na farko da makamansu. Wannan kuɗi ne mai yawa, kuma riƙonsa yana buƙatar rumfunan ajiya masu tsafta, wutar lantarki tsayayya ga na'urorin ƙasa, da injiniyoyin da suka san manhaja kamar yadda suka san sifana. Injinsa na Amurka ne, don haka yardar Washinton tana cikin lissafi.

| Ma'auni | Alpha Jet | L-39 (tsoho) | K-8 | M-346 |
|---|---|---|---|---|
| Tashin farko | 1973 | 1968 | 1990 | 2004 |
| Inji | 2, Larzac | 1, AI-25TL | 1, TFE731 ko na Sin | 2, F124 |
| Gudu (kilomita a awa) | kusan 1,000 | kusan 750 | kusan 800 | sama da 1,000 |
| Ana samun sabo? | A'a | Sai samfurin Skyfox | I | I |
| Kuɗin saye | Ƙasa, na hannu | Mafi ƙasa | Matsakaici | Mafi sama |
| Kayan gyara | Suna raguwa | Da yawa, inji na da matsala | Suna samuwa | Suna samuwa, da tsada |
| Matakin horo | Na gaba da na makami | Na farkon jet | Na farkon jet | Na gaba har ƙofar jirgin yaƙi |
| Ƙarfin kai hari | Mai kyau, tsohon salo | Kaɗan | Kaɗan | Mai kyau, na zamani |

Wanne ya dace da wa

Rundunar da take da Alpha Jet a hannu, da makanikan da suka shekara da shekaru a kansa, tana da hujjar ci gaba da shi na ɗan lokaci, ta tara injuna da kayan gyara daga ƙasashen da suka ajiye nasu, amma ta ɗauki wannan a matsayin gada zuwa wani jirgin, ta kuma sa ranar sauka. Wadda ba ta taɓa mallakarsa ba, ban ga dalilin da zai sa ta fara yau ba, komai arahar da aka yi mata.

Ƙasar da ba ta da jiragen yaƙi masu gudun sauti, wadda burinta shi ne ta riƙe ƙwarewar tuƙin jet a cikin 'yan matuƙanta, ta yi sintirin iyaka, ta kuma iya kai ɗauki idan an yi tashin hankali, K-8 ko Skyfox ya ishe ta. Tsakanin biyun, K-8 ya fi dacewa da wadda take da kyakkyawar hulɗa da Sin ko Pakistan kuma take neman sauƙin biya, musamman idan tana da niyyar sayen JF-17 nan gaba, tun da Pakistan ma ta wannan tsanin take hawa da ɗalibanta. Skyfox ya fi dacewa da wadda ta riga ta saba da L-39, domin malamanta da makanikanta ba za su fara daga tushe ba. Tsohon L-39 kuwa yana da amfani ga makarantar da ke buƙatar awoyi masu yawa da kuɗi kaɗan na 'yan shekaru, muddin an tabbatar da inda za a riƙa yi wa injin garambawul kafin a sa hannu.

M-346 na rundunar da take da jiragen yaƙin zamani ne, ko take da tabbacin samunsu, kuma take yaye ɗalibai da yawan da zai sa na'urorin ƙasa su biya kuɗinsu. Ga Nijeriya, wadda ke son jirgi ɗaya ya yi horo ya kuma yi yaƙi, shawarata ita ce a ware wani adadi tun ranar da suka iso a rubuta shi da sunan makaranta, kada a taɓa shi don fagen daga, a bar wa Super Tucano 12 da aka karɓa a 2021 da jirage marasa matuƙi yawancin aikin farautar 'yan bindiga, tun da sun fi arahar tashi kuma sun fi daɗewa a sama. Sannan a riƙe wani jet mai sauƙi, ko jirgi mai farfela mai ƙarfi irin PC-21 da Faransa ta koma kansa, a matakin Kano, domin ɗalibin da ya fito daga Super Mushshak yana buƙatar awoyi masu araha kafin a damƙa masa jirgin da kuɗinsa ya kai dubban miliyoyin naira.